Idan za ka yi wa mai neman mafaka tafinta

Ranar da na fara aiki a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji da ke jihar Maraɗi a Nijar, cikin 2019, wani dattijo Bafulatani ya tambaye ni ko ni wane ne. Na ce masa da fara'a, "Baba, ni ɗan sa-kai ne." Bai ce uffan ba, ya ja hannun jikokinsa biyu ya koma can ƙarshen layi. Sai da yamma wata abokiyar aiki ta ganar da ni ɓarnar da na yi. A Zamfara da gabashin Sakkwato, 'yan sa-kai su ne masu ɗaukar bindiga da adda suna farautar waɗanda suke zargi da haɗa baki da ɓarayin daji, kuma Fulani da yawa daga gare su suka gudo. Tun daga ranar abin da nake cewa shi ne, "Ni tafinta ne, ina isar da maganarku ga ma'aikatan nan." Kai ma ka fara da gyara wannan.

Kafin ka nemi gurbi, ka san abin da doka take nufi, don Hausa ta haɗa mutum biyu a suna ɗaya. Wanda ya bar Sabon Birni ya koma cikin garin Sakkwato, da wanda ya tsallako iyaka ya shigo jihar Maraɗi, duk 'yan gudun hijira muke ce musu. A takarda kuwa ba ɗaya ba ne: na farko yana hannun gwamnatin ƙasarsa, na biyu shi ne mai neman mafaka. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta ba da kariya ga wanda ya bar ƙasarsa don tsoron a zalunce shi saboda launin fata ko ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta faɗaɗa abin, ta haɗa da wanda mamaya ko mummunan tashin hankali ya kora. Saboda ita ne ake iya karɓar jama'ar da suka kwararo lokaci guda a jimlace, kamar yadda Nijar ta karɓi mutanen Zamfara, Katsina da Sakkwato, ba tare da an tsare kowa da doguwar tambaya ba. Wanda ya zo shi kaɗai da labarinsa na daban, shi ake zaunar da shi a yi hira ta sa'o'i. Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 kuma ka haddace shi kamar sunanka: ba a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari.

Hukunci ba naka ba ne. A Nijar hukumar tantancewa ta ƙasa, wadda ake kira CNE, ita ke yankewa, a Najeriya kuma hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, wato NCFRMI, tare da tallafin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. Matashi yakan samu shiga ta reshen Red Cross na garinsu, ko ta shirin masu aikin sa-kai na Majalisar da ake cike takardarsa a intanet, ko ta ƙungiyoyin da ke aiki a sansanoni. Jarinka harshe ne. Hausa da Faransanci ko Turanci sun isa farawa, amma mai jin Fulatanci, Barbarci ko Larabcin Shuwa ba ya daɗewa a layi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

To, ga inda aikin yake. Cikin ɗakin hira za ka yi magana da bakin mai maganar. Idan ta ce "na gudu", kai ma "na gudu" za ka ce, ba "ta ce ta gudu" ba. Kada ka taƙaita, kada ka ƙara gishiri, kada ka gyara mata labari don ya yi tsari. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama masu tausayi. Na taɓa yi: wani magidanci ya ce an kai musu hari "bayan sallar layya, gero ya fara fitar da kai", ni kuma don in sauƙaƙa wa jami'a sai na yi lissafi a raina na faɗi wata da rana. Bayan makonni aka sake kiransa, wani tafinta ya yi nasa lissafin, ya faɗi wani watan dabam. Takarda ta nuna mutumin ya saɓa wa kansa, alhali shi magana ɗaya ya yi sau biyu. Sai da na je na ce laifina ne. Ka faɗi sallar layya da kan gero yadda aka faɗe su, jami'i ya yi nasa lissafin.

Akwai wuraren da fassara daidai ma ba ta isa ba, sai ka ɗaga hannu ka nemi izinin yin bayani, kuma ka sanar da mai maganar abin da za ka faɗa. Tsohuwa za a tambaye ta sunan mijinta ta sunkuyar da kai ta ce "Malam" ko "mai gidan". A tambaye ta sunan ɗanta na fari ta yi shiru. Baƙon jami'i zai iya ɗauka ƙarya take yi, wa zai manta sunan ɗansa? Kai ka san kunya ce. Ka ce wa jami'in al'ada ce, sannan ka juya gare ta: "Inna, ko akwai wanda zai faɗa a madadinki?" Haka ma dangantaka. "Ɗana" yana iya zama ɗan wansa da ya rasu, "babana" yana iya zama baffa, "ƙanwata" 'yar ɗakin kishiyar uwa. Wajen rajistar iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da shi ake gane yaron da ya rabu da iyayensa yana hannun dangi, a sa masa ido.

Idan mace ta ce "sun ɓata ni" ko "sun yi mini abin da ba ya faɗuwa", ka isar da kalmominta kamar yadda suke, ka ƙara da cewa da irin wannan lafazi ake sakaya fyaɗe. Kada ka matsa mata. In kai namiji ne, ka tuna wa jami'in cewa tana da damar neman mace ta yi mata tafinta. A ganina ma bai kamata a jira ta nema ba, domin wadda ta kwana uku a daji ba ta san tana da wannan damar ba.

Idan ka shiga ka tarar ka san mutumin, ko ɗan garinku ne, ko akwai surukuta, ka faɗa tun kafin a fara a canza ka. Abin da ka ji a ɗakin kuma a nan zai kwana. Ban da hoto, ban da WhatsApp, ban da ba da labari a majalisar mai shayi ko da ka ɓoye suna. A kan iyakar nan kowa ɗan'uwan kowa ne, kasuwa ɗaya ake ci, labari yana isa daji kafin ka isa gida.

Za a tare ka a waje. Wani zai ce, "Ɗan'uwa, me zan faɗa a karɓe ni?" Amsa ɗaya ce: ya faɗi abin da ya faru, abin da ya manta ya ce ya manta. Labarin da aka koya wa mutum yakan warware a tambaya ta uku, ya ja har gaskiyarsa ta zama abin shakka. Wani zai miƙo maka 'yan kuɗi a dunƙule ko zabuwa. Ka mayar cikin mutunci, ka gaya masa da babbar murya, don na kusa su ji, cewa rajista da hira da kati duk kyauta ne. Masu tambayar Kanada da Amurka kuwa kada ka ba su ko rabin alkawari, waɗanda ake kaiwa wata ƙasa ta uku ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a duniya. Abin da za ka iya faɗa da gaba gaɗi shi ne wanda aka ƙi karɓa yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma akwai wa'adi, ya duba takardarsa ko ya kawo a karanta masa.

Ka riƙa ɗaukar ruwa da ƙaramin littafi na rubuta sunayen garuruwa da lambobi, ka miƙa shafukan ga jami'i idan an tashi. Ka nemi hutu in ka ji harshenka ya fara sarƙewa. Wanda ya yini yana cewa "an kashe mijina a gabana" da bakinsa, dare yakan yi masa tsawo. Ni sai da na yi wata biyu ina farkawa ƙarfe uku kafin na gaya wa shugabar rukuninmu, ta mayar da ni teburin rajista na mako biyu, inda tambayar ba ta wuce suna, shekaru da yawan 'ya'ya.