Masu haɗa Pilates da ɗaga ƙarfe, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Wallahi na gaji. Kusan duk wata sai wani sabon yaro ya shigo jim ɗinmu na Agege a Legas da tabarma a hammata, ya kalli bidiyo biyu a TikTok, wai shi yanzu Pilates (motsa jikin ƙarfafa tsokokin ciki da baya a kan tabarma ko inji) da ƙarfe zai haɗa, bayan sati uku ka gan shi yana tafiya dafe da ƙugu kamar tsohon da ya dawo daga gona. Haɗin ba laifi ba ne, ni ma shi nake yi. Yadda ake jera su ne matsalar.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne yin Pilates kafin a ɗaga nauyi, don ni kaina sai da ya kwantar da ni. Wata Asabar na je aji a Ikeja ƙarfe 7 na safe, awa ɗaya a kan injin nan mai sifirin da suke kira Reformer, na fito ina jin jikina sakayau, na ce ai wannan ɗumama jiki ne kawai, na wuce jim na loda kilo 140 zan yi dedlif, wato ɗaga ƙarfe daga ƙasa a miƙe da shi. A ɗagawa ta uku na ji wani abu ya tsinke min a ƙugu kamar an soka min allura. Abin da ban gane ba a lokacin, tsokokin ciki da na gefen ƙugu su ne ke riƙe gadon baya ya tsaya cak idan ka ɗauki nauyi, ni kuma na riga na tatse su tas a kan injin, da ƙarfe ya zo babu mai tare shi, baya ya lanƙwashe. Sati shida ina sallah a zaune. Danfo kuwa, wato bas ɗin haya, duk ramin da ya faɗa tsakanin Agege da Oshodi sai na ji shi har cikin kaina. Yanzu ƙarfe nake yi Litinin da Alhamis, Pilates Laraba da Asabar. In dole ta sa su haɗu rana ɗaya, ƙarfe ne farko. Wasu koci za su ce minti goma na Pilates mai sauƙi kafin ƙarfe ba komai, to su je su yi, ni na rantse.

Na biyu numfashi, kuma a nan ne nake yi wa yara faɗa sosai. A ajin Pilates ana cewa ka jawo cibiya ciki, ka shaƙi iska ta gefen haƙarƙari, kada ka riƙe numfashi. Daidai ne a can. Amma kai ɗan'uwa, kana da kilo 100 a wuya za ka yi sikwat, wato ka tsuguna ka miƙe, sannan ka shanye ciki kamar mai azumin kwana uku? Wa ya aike ka? A ƙarƙashin ƙarfe cika ciki ake yi da iska, a ɗaure shi tamau kamar za a kai maka naushi, sai ka miƙe ka saki. Mai hawan jini dai ya ga likita kafin ya fara riƙe numfashin nan.

Sai masu cewa Pilates aikin matan Lekki ne, unguwar masu kuɗi. Shi Joseph Pilates ɗin da ya ƙirƙiro shi Bajamushe ne, ɗan dambe ma, a tsare yake a hannun Turawan Ingila lokacin yaƙin duniya na ɗaya yana koya wa maza 'yan'uwansa motsa jiki. Ka zo ka yi Hundred, wani atisayen ciki na Pilates, sau ɗaya mu ga ko ba za ka kira sunan babarka ba.

Kada ka lissafa ranar Pilates a matsayin ranar hutu, hutu hutu ne, tsokar da ta sha wuya tana son kamar awa 48. Kada kuma ka zata sifirin zai gina maka ƙirji irin na ƙarfe, ba aikinsa ba ne. Masu yin duka biyun a kan shayi da burodi, ku ƙara ƙwai da wake da kifi. Sannan takalmin jim ba a hawa tabarma da shi, musamman tawa, wadda wani ya taka min jiya da lakar Mile 12 a ƙafarsa.