Yadda na gyara wasiƙar ƙungiyarmu da ke dawowa

Ni ke tura wasiƙar wata-wata ta ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a nan Zariya, ta imel. Kwanaki wani dattijo daga Samaru da bai samu wasiƙar ba ya kira ni: "Malam, ko an cire sunana ne?" Na duba, sunansa na nan. Ashe manhajar da nake tura wasiƙar da ita tana watsa saƙonnin gaba ɗaya ne, kamfanin da muke hayar sabarsa kuma ya ƙayyade adadin da zai fita a awa. Da an wuce iyaka, sauran su maƙale.

Sai na rage gudu: saƙo ɗaya duk bayan daƙiƙa 10, wato 360 a awa. Yana jan lokaci, amma yana isa.

Babban aikin yana wajen saƙonnin da ke dawowa, wato waɗanda suka kasa isa ga masu su. Na buɗe musu akwatin imel na daban, na sa adireshinsa a Return-Path (wurin da ke nuna inda saƙo zai koma in bai isa ba), na ba manhajar damar leƙa shi kullum. Lambar da ke jikin saƙon da ya dawo ita ke faɗin dalili. In ka ga 550, yawanci adireshin ya mutu ko an rubuta shi ba daidai ba; wannan a dakatar da shi nan take, don naci a kansa ke sa a ɗauke ka mai tura saƙonnin shara (spam). Masu farawa da 4, irin su 421, matsalar wucin gadi ce. Waɗannan na ce a sake gwadawa, sai sun dawo sau uku a jere a dakatar da adireshin.

Na kuma saita SPF da DKIM, hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga gare mu ya fito, tunda Gmail ya tsaurara a kansu tun Fabrairun 2024. Washegari dattijon ya tabbatar min wasiƙarsa ta shigo.