Yadda za ka shirya digiri na uku a ƙididdigar cututtuka masu yaɗuwa daga nan Legas

Wani ƙanena a Idi-Araba, wanda ya gama digiri na biyu a lissafi, ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Yaya, ina son yin digiri na uku kan annoba, ta ina zan fara?" Ga yadda na jera masa.

Kada ka sayi fom tukuna. Fara da tambaya ƙarama wadda alƙaluma za su iya amsawa. "Zan yi bincike kan kwalara" buri ne kawai. Amma in ka ce kwana nawa ake yi tsakanin ruwan sama mai ƙarfi da ƙaruwar masu amai da gudawa a Lagos Island, inda ɓarkewar 2024 ta fi tsanani, to ka kama bakin zaren. Garin nan ba ya rasa abin nazari. A ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka da Ebola daga Laberiya, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ita ma tana ciki. Bin sawun nan aikin lissafi ne: wa ya haɗu da wa, yaushe, kwana nawa ya rage cikin kwana 21 da ake sa ido a kan wanda ya yi hulɗa da mai Ebola.

Daga nan sai neman bayanai, kuma nan ne gizo ke saƙa. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, tana fitar da rahotannin zazzaɓin Lassa da kwalara a shafinta, kowa na iya saukewa. Asibitocin gwamnati suna shigar da alƙalumansu a manhajar DHIS2, ana bibiyar ɓarkewar cuta da manhajar SORMAS, amma waɗannan sai da izini a rubuce. Ka je ka ga bayanan da idonka kafin ka ɗora shekara uku ko huɗu na rayuwarka a kansu. Ni na yi wannan kuskuren. Wata shida ina zarya zuwa wani ƙaramin asibiti, ranar da aka miƙo mini rajistar sai na tarar ruwa ya taɓa rabinta, shafuka sun manne, a gurbin shekarun majiyyaci kuma an rubuta "babba" kawai. Babi guda na kundina ya mutu a kan wannan tebur. Ka kuma riƙe cewa rajista tana ƙirga wanda ya zo asibiti ne. Ɗan dakon Mile 12 da ya sayi magani a kemis ya kwanta a rumfa ba ya ciki. Yadda za a kimanta waɗanda ba a ƙirga ba, shi kansa ya isa digiri. Jin Hausarka jari ne a nan, domin a Agege ko Alaba Rago za a gaya maka abin da ba za a gaya wa baƙo mai riƙe da takarda ba.

Kana wannan zaryar, kana wasa wuƙarka. Koyi R, manhajar nazarin alƙaluma, kyauta ce, ita ce kuma masu wannan fanni suka fi amfani da ita. Python ta biyo baya. Ka gina tsarin SIR da hannunka, wanda Kermack da McKendrick suka fitar a 1927, mai raba jama'a gida uku: masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Ka fahimci R0, wato mutum nawa mai cuta ɗaya ke harba inda babu mai kariya. Na ƙyanda kan kai 12 zuwa 18. Ban hana ka ƙirƙirarriyar basira ba, amma wanda bai iya tsabtace tebur mai layi dubu ba, ita ma shirme za ta ba shi.

Sai malamin da zai duba aikinka. Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas ga ta nan a Idi-Araba tare da asibitin koyarwarta, LUTH, sashen ƙididdiga yana Akoka, cibiyar binciken lafiya ta NIMR tana Yaba. Nemi biyu in da hali, ɗaya masanin lissafi, ɗaya likita. Karanta maƙalunsu uku, sannan ka aika saƙo gajere da shafi biyu na tambayarka da inda bayananka suke. Ka kuma tambayi ɗalibansa a gefe shekara nawa suke yi kafin su gama.

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike wajibi ce kafin ka taɓa bayanan majiyyata. LUTH da NIMR duk suna da nasu. Shigar da wuri, ka cire sunaye da lambobin waya.

Batun kuɗi, malaman manyan makarantun gwamnati suna da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi. Sauran su duba tallafin Commonwealth na karatu a Birtaniya, har da wanda ake raba zaman tsakanin gida da can. Cikin kasafinka ka sa kuɗin data, da man janareta, da na danfo tsakanin Yaba da Akoka. Aikinka kuma ka ajiye shi wuri uku, ɗaya a intanet, duk daren Juma'a.