Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tsofaffin littattafan aure da neman matsayi

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda ake karanta tsofaffin littattafan labari na Turawa, irin su Pride and Prejudice da Middlemarch da Anna Karenina da Madame Bovary. Mutum zai karanta, ko ya kai rabi ya ajiye, ka tambaye shi ya ka gani sai ya ce ai labarin soyayya ne kawai, wance ta so wane, an sha wahala, ƙarshe an yi aure ko an mutu. Wallahi duk sanda na ji haka sai raina ya sosu, don an saki reshe an kama ganye. Soyayya tana ciki kam, ba musu, amma abin da ke juya labaran nan kuɗi ne da gado da doka da kuma wa ya fi wa a idon jama'a.

Babban kuskuren shi ne tsallake lambobi. Da an zo inda marubuci ya ce wane yana samun fam kaza a shekara sai ido ya wuce kamar ba a rubuta komai ba, alhali nan zuciyar maganar take. Ɗauki Pride and Prejudice na Jane Austen da ya fito a 1813. Mista Bennet yana samun fam 2,000 a shekara daga gidan gonarsa na Longbourn, 'ya'yansa biyar duk mata, kuma an ɗaure gadon gidan ta yadda namiji ne kaɗai zai gaje shi, wato ranar da ya rufe ido gida da gona sun koma hannun wani ɗan'uwansa, Mista Collins. To shi wannan Collins ɗin, ranar da ya zo neman auren Elizabeth, ɗaya daga cikin 'ya'yan Mista Bennet, yana tsaka da zuba jawabinsa ya faɗa mata a fuska cewa ya san abin da ta mallaka bai wuce fam 1,000 ba, mai ribar kashi 4 cikin ɗari, shi ma sai bayan ran mahaifiyarta. Tsaya ka buga lissafin. Fam 40 ke nan a shekara. Darcy kuwa, attajirin da shi ma ya nemi aurenta, fam 10,000 yake samu, ninki 250. Idan ka san haka sannan ka ga ta ce wa Collins a'a, ta zo ta ce wa Darcy ma a'a a karon farko, sai ka gane irin kasadar da yarinyar nan ta yi da rayuwarta. Maganin wannan kuskure mai sauƙi ne, ka ajiye biro da 'yar takarda kusa, duk adadin da aka ambata ka rubuta shi gefen sunan mai shi. Kafin ka kai babi na goma za ka ga taswirar garin gaba ɗaya, wa ke sama wa ke ƙasa, wa ke rawar kai don ya hau.

Daga nan ne ake faɗawa kuskuren da ya fi min ciwo, wato saurin yanke wa matan labarin hukunci. Ni ma na yi shi. Karatuna na farko haushin Charlotte Lucas na ji sosai, ya za a yi mace mai hankali haka ta amince da Collins, mutumin da ƙawarta Elizabeth ta ƙi kwana biyu-uku da suka wuce, mutumin da ita kanta ta san ba shi da kan gado? Sai da na sake karantawa bayan shekaru na lura da abin da na tsallake. Shekarunta 27, ba ta da dukiya, ba a yi mata shaidar kyau ba, kuma a Ingila ta wancan zamani macen da ke ajinta ba ta da wata sana'ar kirki da za ta kama sai dai ta je gidan wasu tana koyar da yaransu ko ta zauna nauyi a kan 'yan'uwanta maza har tsufa. Da Elizabeth ta kai mata ziyara bayan auren, duba abin da ta tarar, Charlotte ta zaɓi wani ɗaki na can baya ya zama wurin zamanta don kada mijin ya riƙa faɗo mata kowane lokaci, kuma tana ƙarfafa masa gwiwa ya yi ta aikin lambu a waje. Wannan ɗan bayanin kaɗai ya isa ya sa ka yi shiru. Mace ce da ta auna abin da za ta iya jurewa, ta shirya zamanta daidai da shi. Haka Misis Bennet da kowa ke ganin surutunta da rashin kamun kanta, eh tana da su, amma ita kaɗai ce a gidan da tunanin inda yaran za su kwana bayan mutuwar ubansu ya hana ta sakat.

Sai a san dokar zamanin ko da kaɗan ne, in ba haka ba za a yi ta tambayar me ya hana ta fita, me ya hana ta kashe auren. A Ingila kafin 1857 rabuwar aure irin wadda za a iya sake wani auren sai Majalisa ta yi doka ta musamman a kan mutum, abin da sai mai hannu da shuni. Kuma sai da aka yi dokokin 1870 da 1882 kafin matar aure ta samu ikon riƙe dukiyarta da sunanta, kafin nan abin da ta shigo da shi na miji ne sai in an yi wata yarjejeniya tun farko. A Rasha ta Anna Karenina coci ne ke da hurumin raba aure, wanda aka kama da laifin cin amana kuma ba ya sake aure, ga ɗan Anna, Seryozha, yana hannun miji. Kuma Tolstoy da gangan ya buɗe littafin da yayanta Stiva da aka kama yana cin amanar matarsa, shi ya ci gaba da shiga ko'ina ana gaisawa da shi ana dariya, Anna kuwa, da ta yi irin laifin, aka rufe mata ƙofofi. Wanda ya manta da babin farko ba zai gane nauyin na ƙarshe ba.

Tunda an zo kan Rasha, sunaye suna korar mutane da yawa. Mutum ɗaya suna uku, Stepan Arkadyevich shi ne Oblonsky shi ne Stiva, matarsa Darya ita ce Dolly, ga mijin Anna da masoyinta duk Alexei. Rubuta su a bangon littafin, shi ke nan, bayan shafi hamsin ba za ka sake dubawa ba.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar duk abin da mai ba da labari ya faɗa a matsayin ra'ayinsa. Marubutan nan gwanayen gatse ne. Austen za ta yabi mutum da kalmomi masu daɗi alhali fallasa shi take yi, Thackeray a Vanity Fair ma haka. Misali a Pride and Prejudice, 'yan'uwa mata na wani attajiri Bingley suna yi wa dangin Elizabeth kallon raini don kawunta ɗan kasuwa ne mazaunin kusa da Cheapside a Landan, amma marubuciyar ta riga ta sanar da kai a hankali cewa su ma dukiyar gidansu daga kasuwanci aka tara ta. A wancan tsarin kuɗin gona da aka gada ya fi kuɗin kasuwa daraja ko da na kasuwar ya fi yawa, shi ya sa wanda bai daɗe da hawa ba ya fi kowa ƙyamar tsanin da ya taka. In ka ji yabo ya yi yawa, ka koma ka sake karanta layin da muryar mai habaici, sau da yawa nan ma'anar take.

Akwai kuma masu ganin duk mai buri a labaran nan mugu ne. Becky Sharp ta Vanity Fair 'yar matalaucin mai zane ce, ba uwa ba uba ba ko sisi, ta yi ƙarya ta yi yaudara, ban wanke ta ba, musamman yadda ta yi watsi da ɗanta. Amma ka dubi waɗanda take yaudara, su wane aiki suka yi suka samu abin da suke taƙama da shi in ba haihuwa a gidan da ya dace ba? Kuma ba mata kaɗai ba ne. Lydgate na Middlemarch likita ne matashi mai burin kawo gyara a aikin asibiti, ya auri Rosamond don kyau da iya zama, ita kuma ta aure shi don danginsa masu sarauta ne, kowa ya auri hoton da ke kansa. Kayan ɗaki da gidan da ya fi ƙarfinsu suka jefa shi bashi, bashin ya kai shi karɓar rancen fam 1,000 a hannun Bulstrode mai banki, rancen ya ɓata masa suna. A hankali marubuciyar, George Eliot, ta nuna yadda buri mai kyau ke mutuwa, ba da wani babban bala'i ba, da takardun bashi da gardamar cikin gida. Emma Bovary ma da ake cewa soyayya ce ta kashe ta, a koma a duba, Lheureux mai sayar da kaya ne ya yi ta ba ta bashi tana sa hannu har ya kai faran 8,000 aka zo kwashe kayan gida, ta bi masoyanta ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya taimaka. 'Yarta Berthe a masaƙar auduga ta ƙare tana aikin ƙarfi, kuma da yawa ba sa ma tuna da yarinyar.

Fim ba laifi ba ne, ni ma ina kallo, amma kar ya maye gurbin littafin. Awa biyu ba za ta ɗauki wasiyyar Casaubon na Middlemarch da bayanin yadda ya sharɗanta cewa matarsa Dorothea za ta rasa dukiyarsa in ta auri ɗan'uwansa Will Ladislaw ba, sai a ba ka riguna da rawa da kallon ido. Kalla bayan ka gama karatu, ko ka kalla don ka riƙe fuskoki sannan ka koma wa shafi.

Batun tsawo kuma, dan Allah a daina ƙoƙarin cinye su a mako guda. Yawancinsu ba a dunƙule suka fito ba. Vanity Fair wata-wata aka riƙa fitar da shi daga 1847 zuwa 1848, Middlemarch kashi takwas tsakanin 1871 da 1872, Anna Karenina a mujalla daga 1875 zuwa 1877. Masu karatun farko suna samun makonni suna tattauna kashi ɗaya kafin na gaba ya iso. To kai ma raba shi haka, babi biyu ko uku a rana, kuma in da hali ka samu wanda kuke karantawa tare don ku riƙa musu a kan wa ya kyauta wa bai kyauta ba. In yanzu za ka fara, fara da Pride and Prejudice tunda gajere ne kuma lissafinsa a fili yake, sai Madame Bovary, ka bar Middlemarch da Anna Karenina sai idonka ya saba da tsayawa a kan lambobi.