Darasi na 7: Daga Ƙofar Fada Zuwa Zango

'Yan'uwa, darasin yau da ƙafa za mu yi shi. Kowa ya riƙo littafinsa da fensir. Za mu bi hanyar da ta tashi daga Birni, tsohuwar unguwar garinmu Zinder (Damagaram), ta nufi unguwar Zango, wadda kuke bi kullum in za ku cefane.

Mu fara daga ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kusa da babban masallaci. An gina wannan fada wajen shekarar 1850. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka garin nan. Ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙeranmu suka ƙera igwa da hannunsu. Ku gai da dogarai, sannan ku ɗaga kai ku dubi zankwayen da ke saman soro.

Da kun shiga lungu, ku rage sauri. Ku dafa bangon wani tsohon zaure. Da tubali aka ɗora shi, aka yi rufi da azara, aka shafe shi da makuba don kada ruwan sama ya ci shi. Zanen da ke bakin ƙofa, magini ne ya fitar da shi da yatsunsa tun laka tana ɗanya. Irin wannan zaure muke da shi a gidanmu. Wata damina ya tsage, muka yi sakaci da yaɓe, ya zube. Muka mai da shi na bulo da kwano. Yanzu in bazara ta yi, ko akuya ba ta yarda ta kwana a ciki. Har gobe abin yana ci mini rai.

Gaba kaɗan, a kan duwatsu, ga barikin da Turawan Faransa suka gina. Sun sa masa sunan Kazamaju, hafsansu da aka kashe a garin nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Da shekara ta zagayo, a 1899, sojojinsu suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 Zinder ce babban birnin Nijar, har 1926 da aka mai da mulki Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, kuma duk macen da ta taɓa kwana a layin famfo ta san wannan magana.

Sai Zango, masaukin baƙi. A da, nan ayarin raƙuma ke sauke gishirin Bilma da hajar Larabawa, su huta, su nufi Kano. Nan attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa.

To, ga aikin gida. Ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku kula da lanƙwasar ƙ: ƙofa, maƙeri, raƙumi, zanko. Ɗaya daga cikinsu ba ta da lanƙwasa, ku ja mata layi. Sannan ku ɗebe 1911 daga 1926, ku faɗi shekara nawa Zinder ta riƙe mulkin ƙasa.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi so ku yi. Ku sami dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku durƙusa ku ce, “Baba, wa ya gina zauren nan? Zamanin wane sarki?” Abin da aka faɗa muku, ku rubuta shi ko da layi biyu ne, ku zo da shi aji ranar Asabar.