Yadda za ka gane asalin dutse ta amfani da ƙusa da lemun tsami

Masana sun kasa duwatsu gida uku bisa ga yadda suka samu: wanda ya daskare daga narkakken dutse, wanda ya samu daga taruwar yashi da laka, da wanda zafi da danniya suka rikiɗa. Ba sai ka shiga ɗakin gwaji za ka iya bambanta su ba. Tanadi guduma, ƙusar ƙarfe, lemun tsami, ruwa kaɗan da tabarau na kare ido.

Mataki na 1: Fasa shi

Bayan dutse ba ya faɗin gaskiya, domin rana da ruwan sama sun riga sun sauya masa launi. Sa tabarau, ka ɓantari gefe, ka jiƙa sabuwar fuskar da ruwa, ka fita da ita cikin haske.

Mataki na 2: Dubi ƙwayoyinsa

A nan ya kamata ka fi daɗewa. In ka ga ƙwayoyi masu ƙyalli, fari da ja-ja da baƙi, sun sarƙe da juna ba tare da wani jeri ba, to daskararren dutse ne. Asalinsa narkakken dutse ne mai zafin digiri 700 zuwa 1,300, kuma girman ƙwayar ne ke gaya maka inda ya huce. Wanda ya tsaya can ƙarƙashin ƙasa ya huce a hankali, shekaru dubbai, sai ƙwayoyin suka sami sukunin girma har ido yana rarrabe su. Wannan shi ne giranit, irin na Kufena a Zariya da manyan duwatsun Filato da suka haura shekara miliyan 150, waɗanda daga jikinsu kuzar Jos ta fito. Yawancin tsakuwar da ake zuba kankaren gini da ita a Arewa irinsa ce.

Wanda kuwa aman wuta ya amayo sarari ya huce da sauri, ƙwayoyin ba su samu sun girma ba. Za ka gan shi baƙi wuluk, ga nauyi, wani lokaci da ƴan ramuka inda iska ta kuɓuce. Shi ake kira basal, kuma ya cika tudun Biu da yankin Panyam.

Mataki na 3: Nemi hawa-hawa, ka murza

Idan dutsen shimfiɗa ne kan shimfiɗa, ka murza shi da babban yatsa yashi ya zubo, to na taruwa ne. Ruwa da iska ne suka farfasa tsofaffin duwatsu, suka kwashe ɓurɓushin zuwa kwari ko gindin teku. Na sama ya danne na ƙasa, ma'adinan da ke cikin ruwa suka liƙe su. Yashi ya zama dutsen yashi, kamar na Bima a Gombe. Laka ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle. Duba da kyau ko za ka ga tambarin ƙwanso ko ƙashi, don kusan a wannan gida kaɗai ake samunsu. Ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a Gadafawa, cikin hamadar Tenere a Nijar, a irin wannan dutse suke kwance.

Mataki na 4: Ƙusa da lemun tsami

Karci dutsen da ƙusa. In ya kartu cikin sauƙi, tara garin, ka matsa masa lemun tsami, ka kara kunne. Ƙaramar kumfa da ɗan shuu alama ce ta dutsen farar ƙasa. Kada ka kuskura ka yi amfani da ruwan batir. Yana ƙona fata da ido.

Wannan dutse ya fi kowane ba ni mamaki. Yawancinsa daga ƙwanson halittun teku ya taru, ke nan farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato shaida ce cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe yankin. Masana'antun siminti na Ashaka a Gombe da Malbaza a Nijar su ma da irinsa suke aiki.

Mataki na 5: Nemi zane mai lanƙwasa

Ƙwayoyi masu ƙyalli amma a jere, fari da baƙi layi-layi, wani wurin a murɗe: rikiɗaɗɗen dutse ke nan. Tsohon dutse ne ya nutsa cikin ƙasa, zafi da nauyi suka sauya shi bai kai ga narkewa ba, kamar yadda tukunyar yumɓu ke fitowa daga gashi da sabon hali. Da yawa daga duwatsun da ke ƙarƙashin Kaduna da Abuja haka suke, kuma sun haura shekara miliyan 500. Mabul shi ma ɗan gidan ne, farar ƙasa ce ta rikiɗa, shi ya sa yake kumfa da tsami. Abin da zai bambanta maka su, mabul yana ƙyalli kuma ba ka ganin ƙwanso a jikinsa.

Mataki na 6: Yi aiki da abin da ka gano

Mai shirin haƙa rijiya ya fi kowa buƙatar wannan. Dutsen yashi yana riƙe ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa. Giranit da rikiɗaɗɗen dutse kuwa ba su da wannan sarari, ruwa sai a tsaga ko a ruɓaɓɓen saman dutsen. Shi ya sa maƙwabcinka zai sami ruwa, kai ka haƙa kusa da shi ka tarar da fa busasshe. A irin wannan ƙasa kada ka biya kuɗin burtsatse sai masu awo sun nemo maka tsagar.

Marmarar nan ja da ke saman Dutsen Dala kada ta ruɗe ka. Zafi da ruwan damina ne suka ruɓar da dutsen da ke wurin, suka wanke sauran ma'adinai, suka bar mai ƙarfe-ƙarfe. In kana son sanin asalin dutsen wuri, sai ka haƙa ka wuce ta.