Darasi na Bakwai: Sharar Asibiti Ba Sharar Gida Ba Ce

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san bayan katangar asibiti. Can za ka ga tsibin shara yana hayaƙi, awaki na tonon sa, 'yan jari bola na neman roba. Wani lokaci ka ga yaro ya tsinci sirinji, ya zuƙi ruwan kwata yana fesa wa ƙaninsa. Ganin wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai, don allurar da aka yi wa mara lafiya tana iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B da C, har da ƙanjamau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti irin ta gida ce: takarda, ledar ruwa, ɓawon lemo, ragowar tuwo. Kashi 15 ne kawai mai haɗari. To amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da zarar audugar da ta sha jini ta faɗa kwandon ɓawon lemo, kwandon gaba ɗaya ya zama abin gudu. Shi ya sa ake raba shara tun a gefen gado, ba sai an kai ta bola ba.

Kalar bokiti ita ce jagora, ko da mutum bai iya karatu ba. Baƙi na sharar yau da kullum ne. Mai ruwan ɗorawa na bandeji, safar hannu da audugar da suka taɓa jini ko mugunya ne. Wasu asibitoci suna ƙara ja domin abin da ya fi saurin yaɗa cuta, da mai ruwan ƙasa domin maganin da ya lalace. Allura da reza kuwa suna da kwalinsu mai kauri. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, don a nan ne take yawan soke yatsa. Kwalin in ya kai kashi uku cikin huɗu, rufewa ake yi, ba a danna shi da hannu.

Mutane da yawa suna ganin wuta ta gama magana. Ba haka ba ne. Robar ƙarin ruwa da jakar jini in suka ci wuta a fili suna fitar da guba mai suna dayoksin. Takan sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, ta dawo mana cikin nama da nono. Injin ƙona shara na gaskiya sai zafinsa ya kai digiri 850 ko fiye. Wasu asibitocin ma dafa sharar suke yi da turiri mai tsananin zafi, ƙwayar cuta ta mutu ba tare da hayaƙi ba.

Wani ma'aunin zafin jiki na gilashi yana da zaiba a ciki, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi, ita ma guba ce. A 2013 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage amfani da ita. In ma'aunin ya fashe, kada a sa tsintsiya. A buɗe taga, a kira ma'aikaci.

Idan allura ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ka gaya wa nas nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne kafin awa 72 ta cika, kuma gara a fara da wuri.

Aikin gida: Ka je ɗakin shan magani na unguwarku, ka gaishe da mai shara, ka tambaye shi ina ake kai kwalin allura in ya cika. Rubuta amsarsa cikin jimla uku, ka zo da ita aji.